Santina, Jirgin Siminti

PRIMO: Halo? Halo! Wa ke magana?

DARIO: Baffa Primo, ni ne.

PRIMO: Wa?

DARIO: Dario. Ɗan ƙaninka Gino.

PRIMO: A'a'a! Kyaftin! Kyaftin da kansa! Yau wace rana! Ina wuni, ɗana?

DARIO: Lafiya lau, Baffa. Ina gajiya?

PRIMO: Gajiyar me? Mu da ba mu da aiki sai ci da kallon bango. Ya ruwa? Ya iska?

DARIO: Da godiya. Ya ƙarfin jiki? Ya gwiwar?

PRIMO: Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ta dama ta haƙura, ta hagu ce ta rantse sai ta ga bayana. Likita ya ce in rage gishiri, in rage taliya, in rage ruwan inabi. Na ce masa to ka rage ni gaba ɗaya mana, kowa ya huta.

DARIO: Allah ya ƙara sauƙi. Ya mutanen gidan?

PRIMO: Gidan tsofaffi kake tambaya? Suna nan, ana ta raguwa. Makon jiya Beppe ya tafi, wanda ke cutata a karta. Ɗakinsa ya fi nawa iska, na ce a ba ni, wai sai an bi layi. Ka ji fa, gadon mamaci ma sai da layi.

DARIO: Allah ya jiƙansa.

PRIMO: Amin, amin. Ya zafi a wajenku? Mu nan Ingham kamar an kifa mana tukunya.

DARIO: Nan ma haka. Ganye ko motsi ba ya yi. Ƙwarin nan masu cizo ne kawai ke bakin aiki.

PRIMO: Man jarirai, na sha gaya maka. Ka shafa har bayan kunne. An kusa gama yankan rake, ka sani? Mangwaron bayan coci ma ya nuna, jemagu suna ta biki, ba mai tsinko wa tsoho ko guda. Kana ina yanzu?

DARIO: Ina zan je? Ina nan bakin rafin Dungeness inda ka bar ni. Ankar jirgin ruwa tana cikin laka, dutsen Hinchinbrook yana kallona, ina kallonsa.

PRIMO: Madalla, madalla. Mutane suna biyan kuɗi su zo su ga dutsen nan, kai a kyauta kake farkawa da shi. Ya Santina? Ya 'yar tsohuwata?

DARIO: Jirgin yana nan.

PRIMO: Wai "jirgin yana nan". Ji shi don Allah. Sunan kakarka ne a jikinta, ka kira ta da sunanta. Ya matarka Kirra? Ya jikata Elsie?

DARIO: Suna lafiya.

PRIMO: Ba ni Elsie in ji muryarta.

DARIO: Ba ta kusa.

PRIMO: Ba ta kusa? A ina? Jirgin da dukansa bai kai barandar gidan kakarka Nonna ba, ina mutum zai je ya yi nisa? To ba ni uwarta.

DARIO: Ita ma ba ta kusa.

PRIMO: Halo?

DARIO: Suna Townsville, Baffa. Gidan uwar Kirra.

PRIMO: Au, ziyara.

DARIO: Da akwatuna. Da keken Elsie. Da tukwane.

PRIMO: Kai! Tun yaushe?

DARIO: Tun da aka koma makaranta. Katifar yarinyar ta jiƙe ta ƙi bushewa, tari ya kama ta. Wata safiya Kirra ta sauko daga gado ta ji ƙafarta cikin ruwa har idon sawu, takalman Elsie suna yawo kamar agwagi. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Kaya kawai ta haɗa ta ce in kai su gaɓa.

PRIMO: Ayya. To, mata haka suke da ruwa da farko. Ka ba ta lokaci. Marigayiya matata Pina ma ba ta taɓa kwana a ciki ba.

DARIO: Ba ta taɓa ba?

PRIMO: Ko sau ɗaya.

DARIO: Kai fa ka ce mini kun yi shekaru kuna yawon tsibirai, kai da ita.

PRIMO: Cewa na yi mun yi shekaru muna niyya.

DARIO: Baffa!

PRIMO: Me? Kana yankewa, ɗana. Hau sama, nan cikin ɗaki ba a samun sabis.

DARIO: A sama nake. Ina tsaye kan rufi, na rungume dogon ƙarfen nan na ɗaura ƙyallen iska kamar biri. Kana ji na yanzu?

PRIMO: Ras. Mene ne wannan ke gurnani a bayanka?

DARIO: Famfo ne.

PRIMO: Da rana tsaka?

DARIO: Da rana, da dare, da Lahadi. Ya tashi, ya zubar, ya huta kaɗan, ya sake tashi. In batir ya mutu ni ne famfon. Baffa, ba dogon zance na kira mu yi ba. Alfarma nake nema.

PRIMO: Faɗi, ɗan Gino. In ina da shi, naka ne.

DARIO: Ka karɓi jirginka.

PRIMO: Halo?

DARIO: Ka karɓi jirginka. Ban ce ka dawo mini da ko sisi ba. Kyauta. Sunana kawai za a cire daga takardar a mayar da naka.

PRIMO: Halo? Halo! Kai, wannan waya. Dario? Ba na jin komai.

DARIO: Kana ji na. Gurnanin famfo ka ji daga Ingham, ni ne ba za ka ji ba?

PRIMO: To na ji. In karɓe ta in kai ta ina? Ƙarƙashin gado? Nan ko tukunyar fure sai ka nemi izini.

DARIO: Ni ma ban san inda zan kai shi ba, shi ya sa na kira. Yayan Kirra ya samo mini aiki a garejin manyan injuna a Townsville. Litinin ake so in fara. Kirra ta ce in zo Litinin ba jirgi a wuyana, ko kuma in zauna da shi. Ba ta ambaci rabuwa ba. Cewa ta yi ta gaji da ajiye mini gefen gado.

PRIMO: To ka je mana! Ka kulle ƙofa, ka ƙara igiya, ka je. Ƙarshen mako ka leƙo ta.

DARIO: In na bar shi wuni guda batir ya ƙare, na dawo na tarar da kan ƙarfen nan kawai a waje. Me kake tsammani ya raba ni da aikin injin rake? Kullum tsakar rana ina gudu in zo in duba famfo. Shugabana ya ce in zaɓa. Kowa cewa yake in zaɓa, Baffa, kamar akwai abin zaɓa.

PRIMO: Ka kai ta tasha ka ɗaure, ka ja wuta daga gaɓa. Famfo ya yi ta yi har tashin duniya.

DARIO: Ba tashar da ke karɓar jirgi sai da inshora.

PRIMO: To ka yi inshorar.

DARIO: Na kira duk kamfanin da na samu lambarsa. Ana ta fara'a da ni, yallaɓai kaza, yallaɓai kaza, har a zo kan da me aka ƙera shi. In ce siminti. Sai shiru. Wata ma dariya ta ƙwace mata, ta ce don Allah in maimaita abokiyar aikinta ta ji.

PRIMO: Jahilai! 'Yan bana-bakwai! A zamaninmu rabin jiragen da ke gaɓar nan na siminti ne. Kowane bayan gida ka leƙa sai ka ga ƙashin jirgi.

DARIO: Suna ina yanzu?

PRIMO: Oho. Ka fito da ita kan tudu ka liƙe wurin da ke yoyo, aikin yini biyu ne.

DARIO: Na je. Mai wurin gyaran jirage ya ce ya daina ɗaga na siminti, don masu su guduwa suke yi su bar masa. Ya kai ni bayan shinge ya nuna mini guda biyu, gwanda ta tsiro a cikin ɗaya har ta yi 'ya'ya. Na ce to in nutsa in liƙe daga ƙasa. Na sa ƙafa a tsani ke nan na ga idanu biyu a kan ruwa.

PRIMO: Au, tana nan? Mai karyayyar jela? Kada ce mai hankali, ba ta taɓa kula ni ba.

DARIO: Na tambayi masu fasawa. Abin da suka ce in biya a fasa shi a kwashe ɓaraguzan ya fi abin da na ba ka. Na sa talla kyauta, kyauta fa, mutum ɗaya ya zo, ya ƙwanƙwasa jikinsa da makulli, ya ce Allah ya ba ni haƙuri.

PRIMO: Damina ta matso. Guguwa ba ta rasa zuwa. In igiya ta ɗan sassauta da kanta, laifin wa?

DARIO: Laifin wanda sunansa ke takarda. In ya nutse a hanyar jirage, hukuma ta ciro shi ta aiko mini da lissafi, ga tara a kai. In kuma ya je ya daki jirgin masu kamun kaguwa da mutum a ciki fa? Na yi wannan tunanin, Baffa. Ba irin tunanin da ban yi ba. Ba ya sayuwa, ba ya kyautuwa, ba ya fasuwa, nutsewa ma an hana shi.

PRIMO: Kai dai ka cika baƙin rai, irin na uwarka. Ka taɓa ɗaga ƙyallen ka ji yadda take tafiya? In iska ta cika shi ta kwanta gefe guda, wayyo! Kamar amarya.

DARIO: Sau ɗaya. Ya yage tun daga sama har ƙasa, kamar tsohon zanen gado. Masu kamun kifi suka jawo mu, Elsie tana kuka, Kirra tana amai.

PRIMO: Ƙyallen ya ɗan kwana biyu, gaskiya.

DARIO: Ya girme ni.

PRIMO: Saurara, yaro. Kana maganar Santina kamar wata tsohuwar randa. Ka san abin da kake tsaye a kai? Shekaru muka yi ni da marigayi ubanka a bayan gidan Nonna, rake ya kewaye mu, muna lanƙwasa rodi muna ɗaure ragar waya, in mun taso daga aikin gini. Yatsunmu duk jini. Sai ranar shafe. Ka san shafen jirgi rana guda ake yin sa, daga farawa ba tsayawa, don in wani wuri ya sha iska kafin a haɗa shi da sabo, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Duk wani ɗan Italiya mai cokalin gini daga Ingham har Halifax sai da ya zo. Mata suna dafa taliya a tukunyar wanki. Gino yana ciki ba riga, yana tura siminti ta cikin raga da tafin hannu, mu muna waje muna shafewa, ana waƙa, ana zagin juna. Fatar hannunsa sai da ta saɓule. Duk inda ka dafa a cikin jirgin nan, hannun ubanka ya riga ka.

DARIO: Na sani. Da wannan labarin ka sayar mini.

PRIMO: Ba gaskiya ba ne?

DARIO: Gaskiya ne. Baffa, in tambaye ka. Tsagar tana gefen hagu, ƙasa da ruwa. Ba karkace take ba. A miƙe take sak, daga wajen injin har kusan hanci, kamar an ja ta da igiya. Tsatsa tana tsiyaya daga ciki. Me ya sa take a miƙe?

PRIMO: Ina zan sani? Tsufa.

DARIO: Ranar shafen. Kun tsaya?

PRIMO: Wa ya ce?

DARIO: Tambaya na yi. Kun tsaya?

PRIMO: To, Nonna ta fito ta buga murfin tukunya. Taliya ta nuna. Kai ka san kakarka. Wa ya isa ya ce mata a jira? Ko Fada na coci bai isa ba.

DARIO: Kuka ajiye cokula kuka tafi cin abinci.

PRIMO: Mun rufe da jiƙaƙƙen buhu! Ɗan lokaci ne. Sai dai ga naman zomo ya biyo baya, ga ruwan inabin Beppe, ga zafi. Wasu suka ɗan kishingiɗa a gindin mangwaro.

DARIO: Wayyo Allah.

PRIMO: Da muka dawo mun shafe wurin sumul, ko kai ba za ka gane ba.

DARIO: Ai ban gane ba. Ke nan tun ranar da aka sa shi a ruwa yake yoyo.

PRIMO: Gumi take yi. Da gumi ne kawai. Daga baya ne ya ƙaru.

DARIO: Ka sani. Ka san da tsagar nan lokacin da ka kira mu da yamma, ruwa ya cika, sabon fenti yana ƙyalli, ka shimfiɗa mana cuku da zaitun a kan rufi. Ka san mai gidanmu ya ba mu notis, ba mu da wurin zuwa. Ka ce ku zauna a ruwa, ba haya, ba mai ƙwanƙwasa muku ƙofa.

PRIMO: An ƙwanƙwasa?

DARIO: Kirra ta ce mu kira mai duba jirgi ya duba kafin mu biya. Na kusa cinye ta. Na ce baƙo ya zo da guduma yana bubbuga aikin ubana a gaban baffana? Me dangi za su ce? Kwana biyu ba na mata magana saboda kai.

PRIMO: Ni na hana ka? Da ka kira shi da ban ce komai ba.

DARIO: Da ka daina gaisawa da ni har a maƙabarta.

PRIMO: Wannan kuma gaskiya ne. Amma ban yi maka ƙarya ba, Dario. Ka tuna da kyau. Ka tambaye ni tana da ƙarfi, na ce ƙarfi kamar coci. Ka tambaye ni injin, na ce kai ne makanike. Ba ka taɓa tambayata ko ruwa yana shiga ba.

DARIO: Don kai baffana ne!

PRIMO: Kar ka ɗaga mini murya. Kai wata nawa ka yi? Ni rabin rayuwata na yi ina wannan famfon. Bikin 'yata a Melbourne, ana yanka kek ina duba agogo. Pina tana asibiti, ina barinta in zo in duba batir, ranar da ta cika ma ina cikin kwalekwale. Bara gwiwar nan ta ci amanata a bakin gaɓa, na faɗi cikin laka, na kasa tashi, ina kwance ina kallon ruwa yana dawowa. Da wani mai kare bai wuce ba, da kadar nan ta daina hankali. 'Ya'yana ko kallonta ba sa son yi. Sai ga ka, ka hau, ka shafa jikinta, idonka ya kawo ruwa. Ban sayar maka don na ƙi ka ba. Kai kaɗai ne ka so ta.

DARIO: To yanzu ni in yi yaya?

PRIMO: Yawwa. Yanzu ka yi tambayar masu hankali. Akwai sauran farin fenti a ƙarƙashin gadon gaba?

DARIO: Me zan yi da fenti?

PRIMO: Akwai wata yarinya a nan, mai shara da goge-goge. Narelle. Mutuniyar kirki, ita ke ɓoyo mini gishiri. Mai gidan da take haya zai sayar, an ce ta tashi bayan Kirsimeti. Ta zagaye garin nan kaf, ba ɗakin da za ta iya biya. Ta ga hoton Santina a bangona, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, Baba Primo, da gaske mutum zai iya zama a cikin wannan ba haya?

DARIO: A'a.

PRIMO: Ban gama ba. Tana da ɗan abin da ta tara.

DARIO: A'a, Baffa. Wace Narelle? Ba dai Narelle Tibbs ba? Mai jan gashi?

PRIMO: Ka ma san ta. An gama.

DARIO: Ajinmu ɗaya! Tana da yara!

PRIMO: Biyu. Gadon gaba ya ishe su.

DARIO: Kai ba ka tsoron Allah? Mace ita kaɗai, da aikin safe, da yara biyu. Wa zai yi mata famfo? Wa zai tuƙa su makaranta cikin ruwan sama, kada tana bin kwalekwale?

PRIMO: Za ta koya. Kai da ka iya aka haife ka? Asabar da yamma ruwa zai cika. Ka zubar da na ciki tas kafin su iso, ka kashe famfon, ka buɗe tagogi warin ya fita. Kar ka yi ƙarya, ƙarya zunubi ce. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa.

DARIO: Gara in nutse da shi.

PRIMO: To nutse. Ni me nawa? Litinin ta zo ta wuce, Kirra ta ba wani gefen gadon. Elsie ta girma tana cewa ubanta wani mutum ne mai gemu a bakin rafi, ana kai mata shi ta gani lokacin hutu. Ka yi shekara talatin kana jin gurnanin nan, sai gwiwarka ta mutu, sannan ka nemi wani yaro mai saurin hawaye ka yi abin da kake zagina a kai yau. Gara ka yi shi yanzu da sauran aurenka.

DARIO: Daina.

PRIMO: Yaran Narelle ko 'yarka. Ni ban ga na uku ba. In ka gani, gaya mini.

DARIO: Jiya Elsie ta kira ni. Ta ce ta ajiye mini rabin kek ɗinta a firij, kakarta tana so ta zubar don ya bushe, ta hana.

PRIMO: Ka gani.

DARIO: Ban ce na yarda ba. Wayar ma ta yi mini ƙara, kuɗin ya kusa ƙarewa. Ka bar maganar nan, Baffa. Kar ka sake nuna mata hoton.

PRIMO: Tsaya, ga ta nan ma tana goge baranda. Narelle! Narelle, ajiye bokitin, zo! Ga mai jirgin a waya!

DARIO: Kar ka ba ta! Baffa, na roƙe ka, kar ka...

NARELLE: Halo? Dario? Dario Zanetti? Kai, ikon Allah! Ka gane mai magana?

DARIO: Na gane. Sannu, Narelle. Ina wuni?

NARELLE: Lafiya lau! Ya iyali? An ce 'yarka ta yi wayo. Rabona da kai tun kana cin abincin ranata kana cewa naka ya faɗi a kwata.

DARIO: Suna lafiya. Ya yara? Ya aiki?

NARELLE: Aiki da godiya, yara kuma sun hana ni sakat. Tun da na nuna musu hoton nan ba a maganar komai a gidanmu sai jirgi. Tilly ta zaɓi gadon da ke kusa da taga, Kobi kuma wai shi ne direba. Baba Primo ya ce aiki ya kira ka Townsville, shi ya sa za ka rabu da shi, ba don ka so ba.

DARIO: Haka ne.

NARELLE: Wallahi ka zo mini a daidai. Ka san halin haya yanzu. Na yi kuka har na gaji. Abin da na samu kawai wata tsohuwar karafan ce, ɗakin nan mai taya da mota ke ja, a Halifax, a bayan gidan wani, bayi a waje. Ya ce in ba shi amsa yau, don akwai mai jira. Na riƙe wayar tun safe na kasa kira.

DARIO: Karafan ba laifi, Narelle. A ƙasa take.

NARELLE: Haba, ka gan ta kuwa? Kaji ma sai sun yi shawara. Ka ga, ni ban san komai a kan jirgi ba, ba zan ɓoye maka ba. An ce ana kiran mai dubawa, ni ba ni da kuɗinsa, kuma ma kai ne, tun muna 'yan ƙanana na san ka. Me zai gaya mini da ba za ka gaya mini ba? Abu ɗaya kawai zan tambaya, don Kobi bai iya iyo ba tukuna. Ruwa yana shiga?

DARIO: Halo?

NARELLE: Halo? Kana nan?

DARIO: Ina nan.

NARELLE: Na ce ruwa yana shiga?

DARIO: Ko ɗigo.

NARELLE: Wayyo Allah na gode maka! Dario, Allah ya saka maka, Allah ya raya maka 'yarka. Asabar muna nan tafe, ni da su. Bari in kira mutumin nan in ce ya ba wani karafan ɗinsa.

DARIO: Narelle, tsaya. Narelle, kar ki...

MURYAR KAMFANIN WAYA: Kuɗin da ke kan layinka ya ƙare. Sai ka sake sa kati kafin ka ci gaba da kira.

NARELLE: Halo? Dario? Halo? Ta yanke, Baba Primo. Kamar zai ce wani abu. In sake kiransa?

PRIMO: Bar shi, sallama ce kawai zai yi miki. Riƙe wayar, kira mai karafan ɗin.